Tulun Da Na Kai Kan Dutse

Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta ce in daina kuka a intanet in je in nemi miji. Na gode 'yar'uwa, Allah ya zaunar miki da naki. Yau mai kafe ya ba ni kwamfutar da ke kusa da fanka, don haka zan ba ku labarin dutsen nan da na daɗe ina kewayewa. Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Leah, 'yar Zuru ce ni, ina da lemar kiran waya a bakin tasha. Akwai kuma wani soja mai suna Mika da na zauna jira har sa'o'ina suka yaye 'ya'ya bibbiyu.

A wajenmu akwai abin da ake kira golmo. Saurayi in yana son yarinya, gonar ubanta yake shiga shi da abokansa su yi ta noma, damina bayan damina, har bakwai. Gidaje da yawa sun bari yanzu, amma mahaifina Baba Haggai, duk da dattijon coci ne, bai ga dalilin barin abin da ke cika masa rumbu ba. Kar wani ya ce tilas aka yi mini. Ni da kaina na nuna Mika, ni nake kai musu kunu gona a ka, kuma kullum sai ya rage mini na ƙasan ƙwarya ya ce in shanye don kada in manta da shi. Bai ƙarasa ba ya samu shiga soja, ƙannensa suka cike masa sauran. Daga nan aka tura su Darfur. Ni kuwa na zauna ƙarƙashin lema ina ba mutane waya suna kiran masoyansu, ina kallon tawa ko za ta yi haske.

A cikin shekarun nan wani malamin firamare daga Mahuta ya yi ta zarya gidanmu har tayar babur ɗinsa ta suɗe. Mutumin kirki ne. Na ce masa an riga an noma gonarmu, ya yi haƙuri. Matan zumunta a coci suka fara gaishe ni da irin gaisuwar nan ta "har yanzu dai shiru?" Ina murmushi ina cewa yana nan tafe.

Sau ɗaya ya leƙo hutu ya koma. Ya kuwa dawo, a ƙarshen daminar dubu biyu da bakwai, da jar Golf ta hannu da wani sabon gashin baki da bai yi masa kyau ba. Tsarabata gyale ce mai ruwan ƙasa da kwalbar turare. Na lura saƙonninsa sun gajarce. Mutumin da a da yake cika shafi uku har waya ta raba saƙon, yanzu sai "Ya kike" ko "Ina busy, sai anjima." Na ba shi uzuri, na ce wanda ya ga yaƙi ba ya dawowa da surutu. Ƙawata Bilki mai sayar da katin waya kusa da ni ta karanta ɗaya ta miƙo mini wayar, sai ta hau gyara katunanta da ba su hargitse ba.

Wata Laraba Mama ta ce in shirya, ranar Asabar za mu je wajen Kaka, Mika zai kai mu da motarsa. Jama'a, da kun ga yadda na saki muciya na rungume ta.

Dole in gaya muku abin da zuwa wajen Kaka yake nufi a gidanmu. Kaka Larai ita ta haifi Baba. Tun da mutanenmu suka sauko daga kan duwatsu suka zauna a fili, ita ta ce ƙafarta ba za ta sauka ba, inda aka binne mijinta nan za a binne ta. Tana can kan wani ƙaton dutse a cikin daji bayan Wasagu, ita da wata gwaggonmu da mijinta ya rasu. Idanunta sun kusa tafiya. Duk 'yar gidanmu da za ta yi aure, sai ta ɗebi ruwa a idon ruwan da ke gindin dutsen, ta hau da tulun a ka har gaban Kaka. Da wannan ruwan Kaka za ta wanke mata ƙafafu, ta wanke wa saurayin hannayen da suka yi noma, shi ke nan magana ta tabbata, sai a je coci. Kuma ƙarama ba ta riga babba, sai in babbar ta ce da bakinta a gaban Kaka ta ba ta hanya. Ƙanwata Alice ta sha tsokanata da wannan, tana cewa Yaya ki yi sauri ki matsa, kin tare mana ƙofa.

Alice ita ce 'yar makarantar gidanmu. Ni na tsaya a sakandare, ita ta wuce gaba, kuma lemata ta san yadda aka yi ta wuce. Fara ce, siririya, irin yaran nan da in suka ɗauki bokiti sai wani ya ji tausayi ya karɓa. Tun muna ƙanana wadda take karɓa ni ce.

Ranar Asabar na tashi na sa sabuwar atamfata shuɗiya mai zanen ganye, riga da siket, ɗinkin da na ɓoye a ƙasan akwati tun Ista. Kitson shuku Bilki ta yi mini da hannunta. Na yafa gyalen Sudan, na fesa turarensa, amma a ƙafa takalmin roba na sa don na san dutsen. Alice ta fito da doguwar riga ja mai kama jiki da takalmi mai tsini. Na yi dariya na tambaye ta ko an ce mata otal za mu. Ba ta yi dariya ba. Tana riƙe da wata sabuwar waya mai murfi, mai kamara, wadda ta ce wata ƙawarta ce ta ara mata. Ni mai sana'ar waya na san ba a ara irin wannan, amma ranar hankalina yana wani wuri.

Na nufi gidan gaba, Mama ta ce in bar wa Baba saboda gwiwarsa. Gaskiya ce, na koma baya. Mama ta shiga tsakiya ta raba ni da Alice, ta ɗora jakar tsarabar Kaka a cinya, gishiri da sabulu da busasshen kifi da tabar gari. Daga Zuru zuwa Ribah ba wanda ya yi hirar kirki. Baba yana ta yabon dawar mutane ta taga. Wayar Mika tana cikin ramin da ke kusa da giya, sai ta yi haske, ya duba ya ajiye. Can sai ta Alice ta yi gurnani a cinyarta, ta sunkuya. Haka suka yi ta yi har sabis ya ɗauke bayan Ribah, sannan duka wayoyin biyu suka yi shiru tare. Na san kun riga kun gane. Ni a lokacin lissafin wanda zan sa a ƙawayen amarya nake yi.

Da muka bar babbar hanya muka faɗa daji, sai jar ƙasa da ramuka da ciyawa ta fi mota tsawo. Ba gida ba bukka, sai gonakin dawa jefi-jefi da garken shanu daga nesa. A wani rafi motar ta kafe, tayoyin baya suna juyawa suna watsa taɓo. Wasu Fulani biyu suka zo taimako, ba su isa ba. Ban jira an ce mini ba, na tattare siket na ɗaure gyalen a ƙugu na shiga ruwa na sa kafaɗa. Da motar ta fita, taɓo ya yi mini zane daga idon sawu har gwiwa. Mika ya leƙo ta taga yana dariya ya ce wa Baba ai Leah namiji ce, da ita aka ɗauka soja da an huta. Baba ya yi dariya. Ni ma na yi, har na ji daɗi wai ya yabe ni. Alice tana ciki ba ta sauko ba, ta ɗage ƙafafu kada ruwa ya shigo.

Rana ta fara zafi muka hango dutsen. Wanda bai taɓa ganinsa ba ba zai yarda dutse ɗaya ne ba. Baƙi ne, sumul, ya taso daga tsakiyar gonaki ya tare rabin sama, ga farin zane a jikinsa inda ruwan damina ke gangarowa. Kana tafiya kana ganin kamar ka iso, shi kuwa yana ƙara girma. Muka ajiye mota a ƙarƙashin wata kuka. Idon ruwan yana nan a tsakanin duwatsu biyu, sanyi ƙalau, kuma gwaggonmu ta riga ta ajiye tulun a gefe, a kife, don an aika mata muna zuwa.

Na wanke taɓon ƙafata, na cika tulun, na cire gyalen ina naɗa gammo. Sai Mama ta riƙe mini hannu.

"Ƙyale Alice ta ɗauka."

"Mama, ai ni ya kamata."

"Dubi kayanki sababbi. Kina so ki isa gaban Kaka jiƙe da zufa? Ke dai raka ta. In kun kai ƙofa a san yadda za a yi."

Ba ta kalle ni ba da take faɗa, tana gyara bakin jaka ne. Ni kuwa sai na ji wani sanyi a raina. Na ɗauka yau ɗaya Mama ta tuna ni ma ina gajiya, ta ce ƙanwata ta ɗaukar mini har ƙofa, in karɓa in shiga da shi fes. Na ɗora wa Alice gammon da hannuna, na taya ta ɗaga tulun.

Hanya biyu ce ke hawa dutsen. Akwai ta tsofaffi, mai kewayawa ta baya, doguwa amma ba ta da tsayi. Akwai ta masu ruwa, wadda ta miƙe sama daga idon ruwan. Baba da Mama suka bi ta tsofaffi, Mika ya bi su wai zai riƙe Baba. Kafin ya juya ya dubi wajenmu ya ce a yi a hankali. Na ce to. Alice ma ta ce to.

Hawan farko gangara ce mai santsi, dutse tsirara ba abin kamawa, sai 'yan ramukan da ƙafafun kakanninmu suka cinye. Ba mu yi nisa ba takalmin Alice ya fara ƙwal-ƙwal yana zamewa. Na ce ta tsaya. Na durƙusa na cire mata shi, na sa mata nawa na roba, na rataye nata a yatsa. Dutsen ya riga ya ɗauki rana, tafin ƙafata ya ji shi sosai, amma na ce ba komai, ƙafar da ta saba gona ce.

Muka ci gaba. Ruwan yana tangaɗi yana zubo mata a wuya, tana nishi, tana tsayawa duk bayan taku kaɗan. Wasu birai suka zauna can sama suna kallonmu. Ni ina bayanta, hannuna ɗaya a ƙugunta, ina ba ta labarin yadda nake so a yi bikin, wane mai kiɗa za a kira, da cewa ita ce babbar ƙawa ko ta so ko ta ƙi. Ba ta amsa ko ɗaya ba. Na ɗauka numfashi ne ya hana ta.

Ko kashi ɗaya cikin uku ba mu ci ba ta tsaya cak, ta fara kuka. Tulun ya karkace. Na tare shi da hannu biyu.

"Kawo."

"Yaya, a'a. Mama ta ce ni..."

"Mama ba ta nan. In ya fashe fa?"

Ta riƙe bakin tulun na ɗan lokaci, sannan ta saki. Wannan sakin shi nake yawan tunawa. Da ta riƙe, da ta buɗe baki a wurin nan, mu biyu ba kowa sai birai, wataƙila da yau ina iya kiran sunanta ba tare da na ji ɗaci a harshe ba. Amma nauyi ya yi mata yawa, ga ni a kusa, sai ta yi abin da ta saba.

Na mayar da gammon kaina na ɗauka. Ba zan yi muku ƙarya ba, dutsen nan ya gwada ni. Akwai inda sai ka juya gefe ka bi wani siririn baki, hagunka bango damanka rami, ka hango motar Mika a ƙasa kamar kwalin ashana. Akwai inda tsakuwa mai kaifi ta cika hanya, nan ta yanke ni a dunduniya da ƙarƙashin babban yatsa, ina ji ina taka jinina. Wuyana ya sage, ruwa da zufa suka haɗu suka jiƙe sabuwar rigar har cibiya, turaren Sudan ya bi iska. Duk da haka raina fari tas. Ina hawa ina tuna ƙwaryar kunu, ina tuna safiyoyin da na buɗe lema da addu'ar kada a kawo sunansa cikin waɗanda suka mutu. Na ce a raina gara ma da na ɗauka da kaina, ruwan da zan yi aure da shi ai bai kamata wani ya hawar mini ba. Daga sama ana ganin daji har inda ido ya ƙare, da rufin kwano na wani ƙauye yana walƙiya. Na ce wa Alice ta ɗauke ni hoto da wayar ƙawar tata. Ta ce batir ya mutu.

A can ƙarshe akwai wani tsagi tsakanin manyan duwatsu biyu, mutum ɗaya yake wucewa. Shi muke kira ƙofa, kana fita daga cikinsa ka faɗa tsakar gidan Kaka. Muna isowa Alice ta sha gabana da sauri, ido jawur.

"Yaya, kawo in karɓa daga nan."

Na yi dariya har ruwan ya motsa. "Yanzu da aka iso? Ai nan ne dama zan karɓa. Matsa mini."

Na raɓa ta na shige.

Kaka tana zaune a kan turmi a kife, gaban rumbunta, da zane ɗaya ɗaure a ƙirji, sandarta a gefe. Su Baba sun riga mu isowa, suna zaune a tabarma suna shan ruwa. Ina fitowa daga tsagin da tulu a kaina na ga fuskar Mama ta canza. Mika ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna. Na ɗauka jinin ƙafata suka gani.

Na durƙusa gaban Kaka, gwaggo ta sauke mini. Kaka ta miƙo hannu ta shafa gammon, ta shafa wuyana da ya jiƙe, ta bi kafaɗata, ta kama kunnena ta ja kamar yadda take yi tun ina yarinya. Da yarenmu take magana, ba ta son Hausa. Ta ce wannan Leah ce, ta san wuyan. Ta ce na daɗe ban zo ba amma na zo da kyau, tulun a cike yake. Sannan ta ɗaga murya ta ce ina mai noman, ya kawo hannayensa.

Ba wanda ya motsa. Kaza tana tono a bayan rumbu, ita kaɗai ake ji. Kaka ta sake kira. Na juya ina murmushi, ina yi masa alama da ido ya taso, kunyar me kuma. Ya dubi Baba. Baba ya dubi rumbu. Alice tana tsaye a bakin tsagin da takalmina a ƙafarta.

"Kaka," in ji Mika, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ba ita ba ce."

Ban gane ba, wallahi. Har na waiga in ga wa ake nufi.

Baba ne ya yi bayani, da irin muryar da yake karanta sanarwa a coci. Ya ce yaron nan ya zo masa da magana tun dawowarsa, cewa zuciyarsa ta koma kan ƙaramar. Ya ce sun zauna da 'yan'uwansa sun duba, gonar gida Mika ya noma, gidan kuma yana da 'ya'ya mata biyu, ba a rubuta sunan kowa a kan kunyar gona ba. Ba zai yiwu a ce wahalar yaro da ta ƙannensa ta tafi a banza ba, ba kuma zai yiwu a mayar masa da daminar da ta wuce ba. Ya ce abin da ya sa aka zo da ni, don in ba ƙanwata hanya a gaban Kaka, a yi abu cikin rufin asiri, tunda an san ni da hankali.

An san ni da hankali. Shi ya sa ba a gaya mini a gida ba, inda zan iya rufe ƙofa in yi ihu. An bari sai a kan dutse, gaban tsohuwar da ba zan iya ɗaga murya a gabanta ba, ba mota sai tasa, ba hanya sai wadda na hawo. Na dubi Mika na tambaye shi tun yaushe. Ya ce abin ba shiri ba ne, tun hutun da ya zo bara, lokacin da nake aika Alice ta kai masa abinci don ba na iya barin lema. Ya ce yana girmama ni ƙwarai, kamar yayarsa. Na tsani mutumin nan a wannan minti fiye da yadda na taɓa son sa, kuma na so shi ba kaɗan ba.

Kaka ta saurara har suka gama, tana murza taba a tafin hannu. Ba ta yi faɗa ba. Ta tambaya wa ya hawo da ruwan. Ta ce ita dai wuyan da ta taɓa a jiƙe na Leah ne, kuma ruwa na kan da ya ɗauko shi ne, ba ta taɓa wanke ƙafar wata da ruwan wata ba, ba kuma za ta fara da tsufanta ba. In ƙaramar ce, ta sauka ta ɗebo nata. In ta iso, sannan a tambayi babbar ko ta ba da hanya.

Mama ta taso ta ja ni bayan rumbu. Na ɗauka rarrashina za ta yi, har na fara sakin jiki in faɗa ƙirjinta. Ta riƙe ni a nesa, tana magana ƙasa-ƙasa da Hausa don kada Kaka ta bi.

"Leah, ɗiyata, dubi rana. Kin san yarinyar ga ba ta iya wanga dutsi sau biyu, ko ɗaya ba ta iyawa. Kaka ba gani take ba. Ki ce mata Alice tad ɗauko, ke ga ƙofa kika amsa don ki taimake ta. Magana guda ce. Mi za ta rage ki da shi?"

Na tsaya ina kallon bakin da ya faɗi wannan. Ba ta tambayi ƙafata ba. Jinin ya bushe ya haɗu da ƙasa, yana nan a fili, ta ma taka kusa da shi.

"Ke ce babba," ta ƙara. "Ke kika saba haƙuri."

Na juya na bar ta nan. Na dawo tsakar gida na jawo wani ɗan dutse na zauna kusa da Kaka. Na jawo tulun tsakanin gwiwoyina, na karkata shi. Ruwan ya sauko a kan ƙafata ta dama, sanyinsa ya shiga yankan har sai da na ciji leɓe. Na cuɗa dunduniya, na bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, na wanke jinin da ƙasar da sauran taɓon rafin da na tura motarsa. Na koma ta hagu. Mama ta kira sunana. Baba ya ce Leah mene ne haka. Ban ɗaga kai ba, ban kuma yi sauri ba. Ruwan yana gangarawa a kan dutse yana bi ta ƙarƙashin tabarmarsu, sai da Mika ya janye takalminsa mai sheƙi. Da na gama na kife tulun na girgiza, ko ɗigo bai rage ba.

Na ɗauki gammon, gyalen Sudan ɗin nan da ya jiƙe ya yamutse, na je na ɗora wa Alice a ka, na daidaita mata shi sosai yadda ba zai zame ba. Na miƙa mata tulun. Na ce ta riƙe takalmin, za ta buƙace shi, idon ruwan kuma yana nan inda muka bar shi.

Ta rungume tulun ta dubi tsagin, ta dubi Mika. Shi yana duba wayarsa, don a kan dutsen akwai sabis. Sai ta juyo gare ni da idanun nan nata da na sani tun tana rarrafe, na duk lokacin da kaya ya yi mata nauyi.

"Yaya..."

Na koma na zauna na miƙe ƙafafuna a rana su bushe. Kaka ta lalubo hannuna ta riƙe, tafinta kaushi kamar bayan ƙwarya. Ta sunkuyo har ina jin warin tabarta, ta tambaye ni a kunne, in yarinyar ta hawo da ruwanta, me zan ce.

Na ce mata ta bari ta fara hawowa tukuna.